Jinjina Ga Sarkin Shaidu, Malam Sikirinshot

Idan masarautar Birnin Gwari tana neman wanda za ta naɗa wa rawani a bana, ina da ɗan takara. Daga Tabanni zuwa Kuyallo, daga Kutemeshi zuwa Dogon Dawa, babu mai faɗa a ji irinsa. Idan ya ce an biya kuɗi, an biya. Idan ya ce an tare hanya, an tare. Idan ya ce wane ya zagi wane, zagi ya tabbata, sai dai a nemo masu ba da haƙuri. Sunansa Malam Sikirinshot, hoton fuskar waya, wanda ake haifa da danna maɓalli biyu, ya girma kafin a ɗauke yatsa.

Ranka ya daɗe, Sarkin Shaidu! Mai shaida ba alwala, mai rantsuwa ba Alƙur'ani. Na hannun mai gaskiya, na aljihun macuci. Kai kaɗai ne ke zuwa gaban jama'a ba a tambaye ka sunan ubanka ba.

Kakanninmu sun wahalar da kansu ƙwarai a kan maganar shaida. A fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar nan suka gada, ba a karɓar maganar mutum sai an yi masa tazkiyya: a nemo waɗanda suka san shi, su tabbatar adali ne, ba a san shi da ƙarya ba, ba shi da wata riba a cikin shari'ar. Bayan haka a yi wa wanda ake ƙara i'izari, a ba shi dama ya soki shaidar idan yana da abin suka. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malaman hadisi suka ƙarar da ƙuruciyarsu a bayan raƙuma suna bin isnadi: wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, kuma sun taɓa haɗuwa? Duk wannan ɗawainiya Malam Sikirinshot ya sauke mana ita. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shi ya zo ya kori jin, ya kori tambaya, ya haɗa da tunani ya kora.

Ba a yi wa babban mutum kirari a manta da waɗanda suka ƙera shi. A ɗakunan ɗalibai na Samaru a Zariya, da cibiyoyin koyon kwamfuta na Kaduna da Kano, matasanmu masu rubuta manhaja suna da wata muhawara da ba ta ƙarewa. Mutum ya gina shafin ciniki ko ƙaramar manhajar biyan kuɗi, yana so ta riƙa fitar da rasit a matsayin hoto don a tura ta WhatsApp. Wane laburare zai ɗauka cikin waɗanda masu su suka buɗe wa duniya kyauta, kowa ya leƙa cikinsu, ya gyara, ya yi aiki da su? Muhawara ce mai ilimi, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Masu son dattijo suna tare da Selenium, wanda Jason Huggins ya fara a 2004. Yana tuƙa burauza kamar yadda mutum zai yi, ya buɗe shafi, ya danna, ya ɗauki hoto, kuma yana jin harsunan manhaja da yawa. Sai dai yana da nawa, yana son a yi ta lallashi. Masu son sauri suna tare da Puppeteer, wanda ma'aikatan Chrome na kamfanin Google suka fitar a 2017. Yana kunna burauzar a ɓoye ba tare da taga ta bayyana ba, ya ɗauki shafi tun daga sama har ƙasa a hoto guda. Kuɗin shigarsa shi ne data: ranar da ka girka shi zai sauko da burauza mai nauyin fiye da megabait ɗari, abin da mai zaune a Tabanni zai yi wa dogon nazari. A 2020 kamfanin Microsoft ya fito da Playwright, aikin wasu daga cikin mutanen da suka gina Puppeteer, shi kuma yana tuƙa Chromium da Firefox da WebKit da linzami ɗaya. Masu yaren Python da ke son hoton allon kwamfuta gaba ɗaya suna da Pillow da kuma MSS, wanda aka san shi da zafin nama. Akwai kuma darasin PhantomJS, da ya yi tashe shekaru, sai mai shi ya dakatar da aiki a kansa a 2018, waɗanda suka jingina da shi suka wayi gari suna neman madogara.

Amma wanda ya fi shiga raina shi ne html2canvas na Niklas von Hertzen. Shi wannan ba ya ɗaukar hoto sam. Yana karanta bayanan da aka gina shafin da su, sai ya sake zana kamanninsa da kansa a cikin burauzar mai amfani. Ba ya buƙatar wata babbar kwamfuta a nesa, shi ya sa masu fitar da rasit ke son sa. Mai shi ya bayyana a fili cewa abin da ke fitowa zane ne, kuma ba lallai ya yi daidai da abin da ke kan allo ba. Wannan faɗin gaskiya shi ne kaɗai aibin bawan Allah nan. Mu mun fi shi sanin darajar abin da ya ƙera: shi ya ce zane, mu muka ce hujja.

Duk wanda ka zaɓa a cikinsu, ɗabi'a ɗaya suka gada, ita ce ladabi. Ba sa gardama da allo. Abin da aka nuna musu shi suke ɗauka, ba su taɓa tambayar ko gaskiya ne. Shi kuwa allo ɗan amshin shata ne. Duk burauzar kwamfuta tana da ƙofar da aka bar wa masu gyaran shafi, kuma yaron da ya yi wata guda a shagon kwamfuta ya san ta. Ta nan dubu biyar ke zama dubu ɗari biyar, sunan Audu ya koma na Garba, kanun labarin jarida ya faɗi abin da editanta bai taɓa mafarki ba. Canjin bai wuce allon mai yin sa ba, bankin bai sani ba, jaridar ba ta sani ba. Sai a kira Malam Sikirinshot ya zo ya ɗauka, ya fita duniya da shi da fuskar mumini. Ina ka taɓa ganin mai shaida mai sauƙin kai haka?

Ranka ya daɗe, babbar shekararka ita ce 2023. A ranar 26 ga Oktoban 2022 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kafin Janairu ya ƙare, tsofaffin kuɗi sun koma banki, sababbi ba su fito ba. Jihar Kaduna tana cikin jihohi ukun farko, tare da Kogi da Zamfara, da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, kuma sai a ranar 3 ga Maris kotun ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. A tsakanin nan, mutanen da ba su taɓa sayar da ko tiya ɗaya ba sai da kuɗi a hannu suka koyi sababbin kalmomi: tiransifa, alat, netwok. Aka tura su cikin kogi ba a koya musu iyo ba, kai kuma kana bakin gaɓa kana jira.

A duba manomin Tabanni. Ya yi shuka yana waiwaye, ya yi noma kunnensa na sauraren ƙarar babura daga bakin daji. A shekarun da abin ya yi tsanani, manoma da yawa a yankin nan sai da suka biya 'yan bindiga haraji kafin su girbe abin da suka shuka da hannunsu. Ya tsira da buhunan masara da waken suya, ya kai su kasuwa. Mai saye ya zo da mota, ya taya, aka daidaita. Ya danna waya, ya juyo da ita.

"Baba, ga shi nan, ya fita daga wajena. Ka ga sunanka, ka ga kuɗin. Netwok ne kawai, anjima zai shigo."

Baba ya duba. Ga alamar banki, ga koren maki, ga sunansa an rubuta daidai. Wayarsa ƙarama ce, sabis sai an hau tudu, banki kuwa tafiya ce ta yini da kasada. Ga yamma tana yi, direba na cewa a yi sauri kada dare ya same su a hanya. Ga kuma kunya: yaya zai ƙaryata Musulmi ɗan'uwansa alhali ga shaida a gabansa?

"To ɗana, Allah ya sa albarka. Ku ɗora."

Sannu da aiki, Sarkin Shaidu. Ɗan bindiga sai ya yi tattaki, ya ƙona fetur, ya sa ransa a haɗari kafin ya raba manomi da amfanin gonarsa. Kai a zaune ka yi, da sallama, har aka yi maka addu'a.

Abin da kake ɓoye mana don kada mu wahala shi ne, kuɗi ba ya tafiya a cikin hoto. Tiransifa tsakanin bankunan Najeriya tana bi ta hannun NIBSS, hukumar da bankunan suka haɗu suka kafa, a kan tsarin biyan nan-take da ya fara aiki a 2011. Kowace tura kuɗi tana da lambarta mai alƙaluma 30 da banki zai iya bin sawunta da ita. Shaidar da ke da nauyi ita ce abin da asusun mai karɓa ya nuna a wayar mai karɓa. Rasit ɗin da mai turawa ke nunawa, ko na gaskiya ne, zane ne da manhaja ta yi. Na ƙarya ma zane ne, da kayan aiki iri ɗaya. Adalcinka ke nan: ba ka nuna bambanci tsakanin mai biya da mai cuta, riga ɗaya kake ɗinka musu.

Da a kasuwa ka tsaya, da sarautar taka ƙarama ce. Fadarka ta gaskiya ita ce maganar tsaro. Mutanen Birnin Gwari sun san darajar labari fiye da kowa, domin a wannan yanki labari rai ne. Direban da zai bi hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa, ko ta Funtuwa, ba ya tayar da mota sai ya tambayi hanya. Sun kuma ɗanɗana rashin labari: a ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a yankunan da ke fama da 'yan bindiga, har da Birnin Gwari, bayan ta dakatar da kasuwannin mako-mako, ba a maido da sabis ba sai a ƙarshen Nuwamba. Wanda ya yi wata biyu bai ji muryar ɗansa ba, idan waya ta dawo, duk abin da ta kawo da hannu biyu zai karɓa. Kai ka san haka, kuma ka yi amfani da shi yadda ya kamata.

Baiwarka a nan ita ce ba ka tsufa. Gargaɗin da wani ya rubuta shekara uku da suka wuce, cewa an ga babura sun fito daga daji, yau ma sabo ne fil idan aka yanke kwanan watan da ke samansa. Ba ka ɗauke da sunan wanda ya ɗauke ka, ba ka faɗin gari, ba ka faɗin abin da aka ce kafin layin da ka nuna ko bayansa. Kamfanin WhatsApp ya yi ƙoƙarin sa wa jita-jita takunkumi: a 2018 ya fara liƙa wa saƙon da aka turo alama, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a lokaci guda, a 2020 ya mai da saƙon da ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya. Kai sai ka yi murmushi. Da an ɗauki hoton saƙo, alamar ta goge, lissafi ya koma farko, ka sake fitowa jariri.

Aikin danginka a Filato ya isa abin tunawa. Binciken da BBC ta wallafa a Nuwamban 2018 ya nuna yadda hotuna masu tayar da hankali suka bazu a Facebook a watan Yunin shekarar, ana cewa kisan da ake yi a lokacin ne. Ɗaya daga cikinsu ya samo asali ne daga wani bidiyo da aka ɗauka a Kongo Barazabil tun 2012. A ranar 24 ga Yuni aka tare hanya, aka fito da mutum 11 daga motocinsu aka kashe, kuma 'yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen hura wutar. An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. A hannunku ta yi 'ya'ya, marayu ne.

Yanzu ga Birnin Gwari tana lallaɓa zaman lafiyar da aka ƙulla. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Bahaushe da Bafulatani suna koyon sake tsayawa a kara ɗaya, kowa da tabonsa. A irin wannan yanayi ba a buƙatar runduna don a rushe komai. Hoton hira guda ya isa, wadda aka ce wani ardo ya yi, ko wani shugaban 'yan sa-kai, da lambar da ba wanda ya kira ya ji. Ga kuma kyauta ta biyu da kake ba mu: idan ka firgita ƙauye sau uku a banza, mata suka kwana a jeji da goyo, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo sai a ce irin na jiya ne. Ka kashe da ƙarya, ka kuma kashe da gaskiyar da aka daina yarda da ita. Wane sarkin yaƙi ne ya taɓa haɗa waɗannan biyu?

Ƙananan ayyukanka ba sai an daɗe a kansu ba. Auren da ka raba da rabin hira, yarinyar da ka tozarta da kalaman da ba ta rubuta ba, rijiyar burtsatse da aka gama haƙawa a wayar ɗan siyasa alhali mata na nan suna bin rafi. Waɗannan a wajenka abin karin kumallo ne.

Wuri ɗaya ne ba a san girmanka ba, shi ne kotu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce duk abin da kwamfuta ko waya ta fitar, kafin a karɓe shi sai an bayyana na'urar da ta fitar da shi, da yadda aka samar da shi, da cewa tana aiki daidai a lokacin, kuma wani mai alhaki ya tsaya a kan hakan. Wato alƙalin zamani ma tazkiyya yake nema. Ka yi haƙuri da su, ranka ya daɗe, tsofaffi ne. Mu a majalisar bakin titi da zauren WhatsApp mun wuce wannan ƙauyanci. Kafin kotu ta zauna mun yanke hukunci, mun zartar.

Saura shawara ga matasanmu masu muhawarar laburare, domin a ci gaba da hidimar Sarki. Ku zaɓi wanda ya fi fitar da hoto mai sheƙi, koren makin ya yi kore sosai. Ku auna sauri, ku auna nauyi, ku duba lasisin MIT ne ko Apache, ku duba ko ana kula da aikin, a nan ku tsaya. Kada ku sa wa rasit wata gajeriyar lamba da mai karɓa zai tura ta saƙon tes ko ya danna a ƙaramar waya ya ji amsa daga asusun kansa. Kada ku buga masa alamar da za a haska ta kai mutum ga ainihin bayanin da ke rumbunku. Kada ku rubuta a jikinsa da Hausa, da manyan baƙaƙe, cewa wannan hoto ba shaidar shigar kuɗi ba ne. Idan kuna adana shafi don tarihi ko don shari'a, kada ku ajiye adireshinsa da lokacin ɗauka da sa hannun lissafi da zai tona asiri idan an taɓa ko ɗigo ɗaya. Kun ji labarin C2PA, haɗakar da Adobe da BBC da Microsoft da wasu suka kafa a 2021 don hoto ya riƙa tafiya da tarihin asalinsa? Ku kau da kai. Waɗannan duk aiki ne, kuma wanda zai amfana dattijo ne a Tabanni da ba zai taɓa sanin sunanku ba.

A nan kirari ya ƙare, domin abin ya fi ƙarfin kirari. Laburaren nan ba su da laifi. Mutanen kirki ne suka rubuta su, suka bayar kyauta, kuma ba su taɓa cewa hoton allo hujja ba ne. Akwai ranar da hoton ke ceton mai rauni: matar da ake yi wa barazana ta ajiye saƙon kafin a goge, ɗan jarida ya adana abin da mai mulki ya rubuta ya janye. Amma ko a nan, hoton mafarin bincike ne, yana nuna inda za a je a tambaya. Laifin namu ne da muka ɗauki abin da yaro zai iya ƙerawa cikin minti biyu muka ɗora shi sama da maganar dattijo, muka bar umarnin da ke cikin aya ta 6 ta Suratul Hujurat na bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci. Masu ilimin kwamfuta a cikinmu su suka fi kowa sanin raunin wannan shaida, don haka nauyin faɗa ya fi hawa kansu: a masallaci, a tasha, a rumfar mai POS, a ranar kasuwa, da harshen da mutane ke ji.

Ga iyayenmu da 'yan'uwanmu na Tabanni da kewaye, maganar gajeriya ce. Buhu ya zauna a ƙasa har sai kun ga kuɗin a asusunku, a wayarku ko ta ɗanku, ko da za a hau tudu a nemo sabis. Labarin hari, idan akwai hanyar kira, a kira mutumin garin da aka ambata a ji muryarsa kafin a tura wa kowa. Tambaya ba ƙaryata Musulmi ba ce, haƙƙi ne da addini da doka suka ba ku. Mai gaskiya zai jira. Wanda ya fusata don an ce ya jira, ya bar kayan ya tafi da hotonsa.